Mai Kiwon Kifi, Ruwa Ya Ke Kiwo

Dattawan ƙasar Kura da Bunkure suna tune da zamanin da noma ya ke na damina kaɗai. In an gama girbi, an kai dawa rumbu, sai samari su tafi cin rani, ƙasa ta bushe ƙayau, ba a ganin ɗanyen ganye sai a fadama inda a ke ban ruwa da jigo. Amma a zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974. Aka haƙa manyan magudanai, ruwa ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rabu gabas da yamma, ya ratsa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ce ke kula da aikin. Yau wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da tsakiyar rani, in ya kai Kadawa, zai ga alkama da tumatir da albasa kore shar, iyakar ganinsa.

Ruwan nan bai zo shi kaɗai ba, ya zo da kifi. Ba yaron da ya tashi a wannan ƙasa bai san tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara ba. Amma a bakin ƙugiya ya san su, ko cikin koma, ko cikin kaskon suya. Kaɗan ne suka taɓa ganin yadda kifi ke kwana, da yadda ya ke neman abinci, da yadda ya ke renon 'ya'yansa, gama ruwan magudana ba ya nuna cikinsa. Wanda ya ke son ganin wannan, sai ya yi wa kifi ɗan gida na gilashi a cikin ɗakinsa.

Asalin abin

Turawa suna kiran irin wannan akwati akwariyam. Tun kusan shekara dubu da suka wuce mutanen Sin ke kiwon wani jan kifi mai kalar zinariya don sha'awa, cikin tafkuna, daga baya kuma cikin manyan tukwane. A 1850 wani masani a Landan, Robert Warington, ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya sa kifi da ciyawar ruwa da dodon koɗi cikin mazubin gilashi guda, ya ga ciyawar tana ba kifin iskar shaƙa, kashin kifin kuma yana zama takin ciyawar. A 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi a gidan namun daji na Landan, daga nan sha'awar ta bazu ko'ina cikin duniya.

Kada mai karatu ya zaci duk kifin sha'awa na ƙasashen waje ne. Daga kogunan Nijeriya a ke kwasar waɗansu ana kai su Turai da Amurka ana sayarwa da tsada. Akwai ma wani ɗan ƙaramin kifi wanda wani Bajamushe, Ernst Ahl, ya bayyana shi a 1928, ya sa masa sunan Kiyawa, domin a rafin Kiyawa, wajen Katagum, aka samo shi. Cikin kududdufan damina ya ke zama. In rani ya yi, ruwa ya ƙafe, sai ya mutu, amma ƙwansa ya kan zauna cikin busasshen laka har ruwan sama ya sauka, sa'an nan ya ƙyanƙyashe. Abin da masana ke tasowa daga nesa don su gani, sau da yawa yana nan a bayan gari ba a kula ba.

Gaggawar mai farawa

Akwai wani manomin shinkafa a wani ƙauye na ƙasar Bunkure. Bai yi boko yana yaro ba, sai da ya girma ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya iya karatu da rubutu da ɗan lissafi. Ran nan ya kai kaya birnin Kano, ya shiga wani kanti, ya ga akwatin gilashi, kifaye suna ta kai da kawowa a ciki. Abin ya burge shi. Ya ce a ransa, ga ruwa a bayan gida, ga kifi kyauta, me zai hana yaransa su sami irin wannan abin kallo?

Ya sa mai yankan gilashi ya haɗa masa akwati. Ran da ya kawo shi gida, ran nan ya cika shi da ruwa, ya aiki yara magudana da koma, suka kamo 'yan kifi sun fi ashirin, aka juye su duka a ciki. Maƙwabta suka taru kallo. Kowane yaro ya zo sai ya jefa ɗan tuwo ko dusa, wai kada baƙi su kwana da yunwa. Kwana biyu ruwa ya yi fari kamar an dama gari. Rana ta uku kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Kafin mako ya zagayo, ba sauran mai rai sai tarwaɗa guda, ita ma don ta iya shaƙar iskar sarari ne.

Ƙaramar 'yarsa ta yi ta kuka, ta ce, "Baba, mu muka kashe su?"

Ya rasa abin da zai ce mata. Matarsa ta ce, "Maigida, abin da aka raba shi da gidansa aka kulle, ai haƙƙinsa yana wuyan wanda ya kulle shi. In ba a san kan abin ba, gara a bar su inda Allah ya ajiye su."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ran kasuwa ya tafi Kura gaishe da kawunsa, wani tsoho wanda ya yi rini a karofi tun yana saurayi, zamanin da turkuɗin Kura ke tafiya har ƙasar Buzaye. Ya kwashe labari ya gaya masa. Tsohon ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, ni ban san kifi ba, amma na san ruwa. Ka taɓa ganin marini ya zuba baba da toka yau, ya tsoma zane yau?"

Ya ce, "A'a, Kawu."

Ya ce, "To, sai ruwan ya kwana ya kwana, ana motsa shi, har ya yi kumfa ya nuna. Wanda ya yi gaggawa ya yi asarar baba, ya yi asarar zane. Ina tsammani ruwanka ɗanye ne. Tafi ka tambayi masu aikin."

Sai ya nufi Bagauda, inda aka daɗe da sanin aikin ƙyanƙyasar kifi, ya sami wani malamin kifi. Malamin ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Malam, kawunka ya yi gaskiya. Mai kiwon kifi, ruwa ya ke kiwo. In ruwa ya yi kyau, kifi ya kan kula da kansa." Ga abin da ke ƙarƙashin wannan magana.

Dalilin mutuwar kifin

Akuya tana fitsari a turke, a share, a kai gona. Kifi kuwa cikin ruwan da ya ke shaƙa ya ke zubar da ƙazantarsa. A magudana ba kome, gama ruwa yana tafiya. Cikin akwati kuwa abin da ya shiga ba shi da hanyar fita. Ƙazantar kifi da ragowar abincin da ya ruɓe su kan ba da wani dafi mai suna amoniya. Kowane manomi ya san shi ko bai san sunansa ba, shi ne warin nan mai hawa kai da ke tashi daga akurkin kaji. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙona jan naman nan mai kama da matsefi da ke gefen kan kifi, wanda da shi ya ke numfashi.

Maganin dafin yana wurin waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Iri guda ya kan cinye amoniya ya mai da ita wani dafi na biyu, iri na biyu kuma ya mai da wannan ya zama taki wanda ba ya cutar kifi sai in ya taru da yawa. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya ware irin waɗannan ƙwayoyi a 1890. Danginsu ne ke aiki cikin ƙasar gona, suna sarrafa takin zamani da manomi ya zuba. Ruwan baban karofi ma waɗansu ƙwayoyi ne ke sa shi ya nuna, ko da ya ke ba iri ɗaya ba ne da na kifi. Ashe tsohon marini bai yi nisa da gaskiya ba.

To, sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi sai 'yan kaɗan. Kafin su yaɗu su kama yashi da duwatsu da jikin gilashi, a kan yi mako 4 zuwa 6. Wanda ya zuba kifi ashirin ran farko, ya tara masu ɓata ruwa tun masu gyara shi ba su iso ba.

Akwati da mazauninsa

Mai farawa ya kan zaci ƙaramin mazubi ya fi sauƙi. Ba haka ba ne. Ruwa kaɗan ya fi saurin ɓaci, ya fi saurin ɗaukar zafi da sanyi. Kwalba da ɗan kwano mai zagaye ba gidan kifi ba ne. Abin da ya dace a fara da shi, shi ne akwati mai tsawon ƙafa 2, faɗi ƙafa 1, tsayi ƙafa 1. Wannan yana cin ruwa wajen lita 54, watau jarka biyu da ɗan ɗori. Faɗi ya fi zurfi amfani, domin ta saman ruwa iska ke shiga.

A yi shi da gilashi mai kaurin milimita 6, a manne da silikon, amma ba irin wanda aka sa wa maganin hana funfuna ba, gama wannan yana kashe kifi. A bar shi ya bushe kamar kwana uku, sa'an nan a cika shi a tsakar gida ya kwana, a ga ko yana yoyo. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. In aka haɗa da yashi da gilashi, nauyin ya fi na buhun takin zamani nesa. Sabo da haka sai an sami tebur mai ƙarfi, wanda ba ya girgiɗi ba ya karkata. Kada a kuskura a ɗaga akwati da ruwa a ciki, ya kan tsage. A ajiye shi inda haske ke shiga amma rana ba ta bugunsa, nesa da murhu, inda ƙananan yara ba za su ja shi ba. A rufe bakinsa da raga, gama kifi ya kan yi tsalle.

Wane ruwa?

Mutumin Kura ko Bunkure zai ce ai ruwa ba abin nema ba ne. Amma ruwan magudana yana da illa biyu.

Ta fari, ruwan da ya ratsa gonaki ya kan kwaso taki da maganin ƙwari da na ciyawa. Ido ba ya ganinsu, ajiye ruwan kuma ba ya tabbatar da sun fita.

Ta biyu ita ce tsargiya, ciwon nan da ke sa yaro fitsarin jini. Tsutsarta tana girma cikin ƙananan dodon koɗi da ke manne da ciyawar bakin ruwa, sa'an nan ta fito ta yi iyo, ta huda fatar wanda ya shiga. Ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyawa, shi ne gidanta. Kada sha'awar kifi ta sa a riƙa tura yara cikin irin wannan ruwa, kada kuma a kawo dodon koɗin magudana cikin ɗaki. Tsutsar ba ta wuce kamar kwana biyu da rai in ba ta sami jikin mutum ba, sabo da haka ruwan da aka tace aka ajiye kwana uku ba dodon koɗi a ciki ya kuɓuta daga wannan. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani. Ba alamar balaga ba ce, ciwo ne.

Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi. A ɗebo, a bar shi a buɗe ya kwana ya sha iska, a rufe da ɗan ƙyalle don sauro. Ruwan famfo na birni ana sa masa kulorin don kashe cuta, shi kuwa yana kashe kifi da ƙwayoyin nan masu amfani, sai a bar shi kwana biyu, ko a ɗiga masa maganin da masu sayar da kifin sha'awa ke sayarwa don haka.

Yashin rafi a wanke shi har ruwan wankin ya fita garau, a dafa shi ko a shanya shi a rana kwanaki, kana a shimfiɗa kamar kaurin yatsa biyu. A sa 'yan duwatsu da fasasshiyar tukunyar ƙasa, don kifi ya sami maɓoya. Kainuwa tana da amfani, tana shan takin da ke cikin ruwa, tana ba da inuwa. Amma a wanke saiwarta sarai, a ajiye ta cikin wani kwano dabam mako biyu, a tabbata ba dodon koɗi. In ta yaɗu a rage, kada ta rufe fuskar ruwa duka.

Jiran ruwa ya nuna

In an shirya kome, sai a zuba ruwa, a bar akwati ba kifi. Kowane kwana biyu a jefa ɗan abincin kifi, abin da bai fi ƙwayar gero huɗu ko biyar ba, domin shi ne zai ruɓe ya ciyar da ƙwayoyin. Ruwan ya kan yi hazo, daga baya ya washe da kansa. A bar ragar a rufe, gama ruwan da ba kifi gidan sauro ne. Wanda ya ke da aboki mai tsohon akwati, in ya roƙi yashi cike da hannu daga ciki ya zuba a nasa, ya rage wa kansa jira. Akwai kuma wani ɗan inji mai hura iska ta cikin soso, yana aiki da lantarki ko batir ko hasken rana. Yana motsa ruwa, soson kuma ya zama gidan ƙwayoyin. Amma inda wuta ba ta da tabbas, gara a rage kifi su zama daidai abin da ruwan zai ɗauka ko ba inji.

Wannan jira shi ne mafi wuyar aikin duka, domin yara za su yi ta tambaya, maƙwabta kuma su yi dariyar mai kiwon ruwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Zaɓen kifi

Bayan mako 5 ko 6, sai a sa kifi biyu ko uku. In sun yi mako biyu lafiya, a ƙara. Akwati mai ƙafa 2 ba inji, kifi shida masu tsawon rabin yatsa sun ishe shi. Kada a juye sabon kifi kai tsaye. A sa ledar da aka kawo shi a ciki ta yi yawo a kan ruwa minti 20, ana ɗan ƙara mata ruwan akwatin, sa'an nan a tsame shi a sake shi.

Kowane kifi da halinsa. Tarwaɗa tana girma da sauri, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Ɗan ƙurungu ba shi da rigima, ya kan ɓuya da rana ya fito da dare, waɗansu irinsa ma a rigingine su ke iyo, amma a kula da ƙayarsa. Kawara ba ta son zaman kaɗaici, tana kuma bukatar wurin gudu. Karfasa tana da juriya, sai dai in ta girma ta kan tone yashi ta kori 'yan'uwanta, dole a yi mata babban gida. A birni ana sayar da wani ɗan kifi mai wutsiya kala-kala, sunansa gupi, daga sunan mutumin da ya aika da shi Landan daga tsibirin Tirinidad a 1866. Yana da sauƙin kiwo, haihuwa ya ke yi ba ƙwai ba, yana kuma cin 'ya'yan sauro. Jan kifin Sin kuwa ya fi son ruwa mai sanyi, ga yawan ƙazanta, bai dace da ƙaramin akwati ba. Kome gajiyar mutum da baƙon kifi, kada ya sake shi cikin magudana ko tafki, gama baƙo ya kan kawo cuta ko ya danne na gida.

Ciyarwa da sauya ruwa

Kifin da ƙoshi ya kashe cikin akwati ya fi wanda yunwa ta kashe yawa. Sau ɗaya ko sau biyu a yini ya isa, abin da za su cinye cikin minti 2. Abin da ya ragu a kwashe. A ba mutum guda aikin, kada kowa ya zo ya jefa. Abincin kifi na buhu a niƙa shi daidai bakinsu, a riƙa haɗa musu da gara da yankakkiyar tana. Tuwo da burodi da mai ba su da wuri a nan. Lafiyayyen kifi ya kan yi kwana biyu ko uku bai ci ba, ba abin da zai same shi.

Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, watau kamar rabin jarka, da ɗan tiyo, ana bin ƙasa inda ƙazanta ke taruwa. A cika tiyon da ruwa tukuna, ba sai an ja da baki ba. A mayar da sabon ruwa wanda ya kwana a ɗakin, don zafinsu ya zo ɗaya. Tsohon ruwan kuwa taki ne, a zuba wa zogale. Kada a kwashe ruwa duka a wanke akwati fes, wannan kamar mutum ya kori ma'aikatansa ne. Sabulu ko kaɗan kada ya taɓa shi. Soson inji ma cikin tsohon ruwan a ke matse shi.

Sanyi da zafi

Kifin ƙasashen zafi ya fi jin daɗi in ruwa yana tsakanin digiri 24 da 28. A ƙasar Kano kuwa, da hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare ya kan sauka ƙasa da digiri 15, da bazara kuma zafin rana ya kan kai 40. Ɗan ma'aunin zafi ba shi da tsada, ya kamata a manna shi. Da hunturu a rufe taga, a lulluɓe akwati da bargo da dare, a rage abinci, gama kifi ba ya ci sosai cikin sanyi. A wannan lokaci ne a kan ga farin ɗigo kamar gishiri a jikinsa, ciwo ne mai yaɗuwa, sai a nemi malamin kifi. Da bazara kuwa ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa. In an ga kifi ya taso sama yana haki, a sauya ruwa kashi ɗaya cikin uku nan da nan, a dakatar da abinci, a buɗe ɗaki iska ta shiga. In akwai wani abu mai lantarki a ciki, a cire shi daga wuta kafin a tsoma hannu.

Abin da gilashi ya nuna

Manomin nan ya koma ya sake farawa, ya bi wannan tsari. Ya sami ɗan littafi, yana rubuta ran da ya sauya ruwa da ran da ya ƙara kifi, karatun da ya koya da girma ya yi masa rana. Shekara ta zagayo bai rasa ko ɗaya ba. Daga baya ya yi babban akwati ya sa karfasa. Wata rana yara suka ga namijin ya haƙa ɗan rami cikin yashi, macen kuma ta daina ci, maƙogwaronta ya kumbura. Suka zaci ciwo ne. Bayan kamar mako biyu ta buɗe baki, sai ga 'ya'ya birjik suna fitowa. Da aka taɓa gilashi, sai suka ruga suka koma cikin bakin uwarsu. Mutumin da ya shekara arba'in yana cin karfasa, sai ran nan ya san a baki ta ke goyo.

Ba wannan kaɗai gilashi ya nuna masa ba. Wata rana wani masunci ya ba babban ɗansa 'yan ƙurungu. Yaron bai sami mazubi ba sai bokitin da a ke dama maganin feshi, ya ɗauraye shi har sau uku, ya sa su a ciki. Kafin ya iso gida duk sun juya ciki sama. Ya ce, "Wallahi, Baba, na wanke shi tas."

Uban ya duba bokitin, ba wari, ba launi. Ya yi shiru. Shekara da shekaru, in ya gama feshi, a magudana ya ke wanke injinsa, haka kuma maƙwabtansa. Ƙasa da wurin kuwa mata suna wanki, shanun Fulani suna sha, yara suna wanka. Da can ya kan ga mataccen kifi a bakin ruwa, ya ce zafi ne. Tun daga ran nan ya haƙa rami a gefen gona, nesa da magudana da rijiya, can ya ke zubar da ruwan wankin inji. Kwalaben magani kuma ya daina barinsu a kan kunya, ya hana a ɗebi ruwan gida da su. Da ya faɗi haka a taron manoman sashensu, waɗansu suka yi dariya, waɗansu kuwa suka bi shi gida don su ga kifin, suka koma suna shawara.

Ruwan da ya taso daga Tiga ba ya tsayawa a gonar mutum ɗaya. Daga na sama ya ke gangarawa wurin na ƙasa, abin da ya ragu ya koma kogi ya nufi Wudil da Haɗeja. Girmansa ne ke ɓoye abin da a ke zuba masa. Akwatin ƙafa biyu ba ya ɓoye kome, abin da aka yi masa da safe a kan gan shi kafin magariba. Wanda ya ke da niyyar farawa, kayan aikinsa ba su da yawa: gilashi, da yashi, da jarka biyu ta ruwan rijiya, da bokiti guda wanda ba a taɓa sa masa sabulu ko magani ba. Abin da ya fi su duka tsada shi ne haƙurin mako shida kafin a sa kifin farko.